Mene Ne Ma'anar Kalmar "Addini"?

Tambaya:

Kullum muna cewa "addini", "wane mai addini ne", "wannan ba ya cikin addini", amma ranar da ɗana ya tambaye ni ma'anar kalmar sai na rasa abin da zan ce masa ban da salla da azumi. Mece ce asalin ma'anarta? Kuma ya halatta a kira abin da wanda ba Musulmi ba yake bi da sunan addini?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ba kai kaɗai ba ne wannan tambaya take kamawa. Kalmar da mutum ya tashi da ita a baki tun yana ƙarami ita ce ya fi shan wuyar fassarawa, domin bai taɓa tsayawa ya dube ta ba. Abin da za ka ce wa yaronka a taƙaice shi ne: addini shi ne miƙa wuya ga wanda ya mallake ka, da bin hanyar da ya shimfiɗa maka, tare da sanin cewa zai yi maka hisabi a kanta. Wanda ya mallake mu shi ne Allah, hanyar kuwa ita ce wadda Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, ya zo da ita. Wannan ya ishi yaro. Kai kuwa babba, ga bayanin inda aka samo wannan amsa.

Daga ina kalmar ta fito?

"Addini" ba Hausa ba ce tun asali, aro ce daga Larabci, wato "ad-din". Bahaushe ya ɗauko ta tare da "al" ɗin da ke gabanta ya haɗe su wuri guda, kamar yadda ya yi wa annabi da alƙali da aljanna da attajiri, sannan ya yi mata jam'i irin nasa ya ce addinai. Sai dai ɓangare ɗaya na ma'anarta ya aro, ya bar sauran a Larabci. Shi ya sa idan kana bin fassarar Alƙur'ani da Hausa za ka tarar kalmar guda ɗaya ce a Larabcin, amma mai fassara ya ce "addini" a nan, ya ce "sakamako" a can, gaba kaɗan ya ce "doka" ko "biyayya". Ba kuskure ya yi ba. Kalmar ce ta fi abin da muka aro faɗi.

Tushenta haruffa uku ne: dal, ya, nun. Malamin lugga Ibn Faris, wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, yana da littafi mai suna Maƙayisul Luga wanda a cikinsa yake mayar da kalmomin kowane tushe zuwa ga ma'anar da ta haɗa su. Da ya zo kan wannan tushe sai ya mayar da rassansa duka zuwa ga abu ɗaya, wato miƙa wuya da ƙanƙan da kai. Har kalmar "madina", wato birni, ya jingina ta a nan, domin birni wuri ne da ake yi wa shugabanni biyayya a cikinsa, ko da yake wasu malaman lugga sun ce tushenta daban ne. Idan kuma ka buɗe Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 711, za ka ga an jero wa kalmar ma'anoni da yawa: biyayya, sakamako, hisabi, mulki, hukunci, al'ada, hali. Ɗalibi yakan ruɗe a nan, ya ce ta yaya kalma ɗaya za ta nufi mulki kuma ta nufi ƙasƙanci, alhali su biyun kishiyoyin juna ne?

Wanda ya warware wannan ƙulli da kyau, a ganina, shi ne malamin Azhar Muhammad Abdullahi Daraz, wanda ya rasu a 1958, a littafinsa Ad-Din. Ya ce ka duba yadda fi'ilin yake haɗuwa da abin da ke bayansa. Idan Balarabe ya ce "danahu", yana nufin ya mallake shi, ya yi masa hukunci, ya saka masa. Idan ya ce "dana lahu", yana nufin ya yi masa biyayya, ya rusuna masa. Idan kuwa ya ce "dana bihi", to ya riƙi abin ne ya zama aƙidarsa da hanyarsa da al'adarsa. Ashe ba ma'anoni ne masu karo da juna ba. Alaƙa ce guda tsakanin ɓangarori biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ka dube ta daga sama, sai ka ga mulki da hukunci da sakamako. Ka dube ta daga ƙasa, sai ka ga biyayya da ƙanƙan da kai. Ka dubi abin da ke tsakaninsu, sai ka ga doka da hanya. Duk inda ka ci karo da kalmar, ɗayan fuskokin nan uku ne aka juyo maka.

Har a harshen Ibrananci, wanda ɗan'uwan Larabci ne, kotun Yahudawa ta addini "bet din" ake ce mata, wato gidan hukunci.

Yadda Alƙur'ani ya yi amfani da ita

Kalmar ta zo a Alƙur'ani fiye da sau 90. Lambobin ayoyin da za mu ambata bisa ƙirgar mus'hafin Hafsu ne, don haka mai karatu da Warshu yana iya ganin bambancin aya ɗaya ko biyu.

Wuri na farko da ka fara haɗuwa da ita shi ne Fatiha, wadda kake karantawa aƙalla sau 17 a sallolin farilla na kowace rana. A nan an kira ranar alƙiyama da ranar "din", kuma ba ana nufin ranar salla da azumi ba, ana nufin ranar sakamako. Ƙarshen Suratul Infiɗar ya fassara ta da cewa rana ce da babu ran da zai iya amfana wa wani rai komai, al'amari duka na Allah ne. A Suratun Nur aya ta 25 ma an ce Allah zai cika wa mutane "din" ɗinsu na gaskiya, wato sakamakon da suka cancanta. Daga wannan fuska ne sunan Allah Ad-Dayyan ya fito, Mai hukunci Mai sakayya. Hadisin da ya zo da wannan suna yana da labari mai daɗi. Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya ji cewa wani sahabi a Sham, Abdullahi ɗan Unais, yana da hadisin da shi bai ji ba, sai ya sayi raƙumi ya yi tafiyar wata guda don ya ji shi daga bakinsa. Abin da hadisin ya ƙunsa shi ne Allah zai tara bayi Ya kira su da cewa Shi ne Sarki kuma Shi ne Ad-Dayyan, kuma babu ɗan aljanna da zai shiga aljanna alhali wani yana bin sa haƙƙi sai an yi sakayya, ko da mari ne. Imam Ahmad ya ruwaito shi, haka Bukhari a Al-Adabul Mufrad.

Fuska ta biyu ita ce doka. A Suratu Yusuf, bayan an sami ma'aunin sarki a cikin kayan Binyaminu, aya ta 76 ta bayyana cewa Annabi Yusuf, alaihis salam, ba zai iya riƙe ɗan'uwansa ba a cikin "din" ɗin sarkin Masar, sai da Allah Ya shirya masa dabara. Malaman tafsiri na farko sun fassara ta da hukuncin sarki da ikonsa. Dokar Masar ba ta ce a riƙe ɓarawo a hannun wanda aka yi wa sata ba; wannan hukuncin gidan Annabi Yaƙubu ne, shi ya sa aka fara tambayar 'yan'uwan su faɗi hukuncin da bakinsu. Haka a Suratun Nur aya ta 2, inda aka hana tausayi ya hana tsayar da haddi, "din" ɗin Allah a wurin yana nufin hukuncinSa.

A nan akwai jan kunne. An sami wasu matasa da suka riƙe ayar Suratu Yusuf suka ce tunda an kira dokar sarki "din", to duk wanda ya bi dokar hukuma, ko ya yi aikin gwamnati, ko ya kai ƙara kotu don ya karɓi haƙƙinsa, ya shiga wani addini ya bar Musulunci. Wannan tsalle ne daga ƙamus zuwa fatawa, kuma mun ga jinin da irinsa ya zubar. Ma'anar kalma a lugga ba ita kaɗai ke haifar da hukuncin shari'a ba. Surar da suka kafa hujja da ita ma ta ishe su amsa, domin Annabi Yusuf da kansa ya nemi sarkin nan ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma riƙe muƙamin yana annabi mai tauhidi. Kafirta Musulmi yana da sharuɗɗa da abubuwan da ke hana shi, kuma aikin manyan malamai da alƙalai ne.

Fuska ta uku ita ce biyayya da bauta. Farkon Suratuz Zumar ya umarci Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya bauta wa Allah yana mai tsarkake "din" gare Shi, haka Suratul Bayyina aya ta 5 ta ce wannan ne abin da aka umarci mutane da shi. Tsarkake "din" a nan shi ne kada ka raba biyayyarka da bautarka tsakanin Allah da wani.

Akwai kuma ma'anar al'ada da hanyar da mutane suka saba, wadda ta fi fitowa a hadisai. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labari cewa Ƙuraishawa da waɗanda suka bi "din" ɗinsu a Muzdalifa suke tsayawa lokacin aikin hajji, ba sa fita zuwa Arfa kamar sauran Larabawa, wai su mutanen Harami ne. Sai aya ta 199 ta Suratul Baƙara ta umarce su su gangaro daga inda mutane suke gangarowa. Bukhari ya ruwaito. Haka hadisin Abu Dawud da Tirmizi da ya nuna cewa mutum yana kan "din" ɗin abokinsa, don haka ya duba wa yake abota da shi. Duk uban da ya ga ɗansa ya canza magana da sutura wata uku bayan ya canza majalisa ya san fassarar wannan hadisi.

Dangantakarta da bashi

Wannan ne wurin da na fi so ka tsaya. Haruffan nan uku, idan ka sa wa dal kasra ka ce "din", addini ke nan. Idan ka sa mata fataha ka ce "dain", bashi ke nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan "dain" ta sauka: a rubuta shi, a sa shaidu, a yanke lokacin biya. Mai bashi a wuyansa Balarabe yana ce masa "madin", kuma da wannan lafazi ne Suratus Saffat aya ta 53 ta kawo maganar mai musun tashin alƙiyama, yana mamakin wai bayan ya zama ƙasa da ƙasusuwa za a yi masa sakamako.

Ka tuna halin wanda ake bi bashi. Abin da ke hannunsa ba nasa ba ne. Akwai ranar da aka yanke. Idan ya hango mai kuɗin daga nesa, muryarsa takan sauka. To haka bawa yake a gaban Ubangijinsa. Rai da ji da gani da lafiya da 'ya'ya, babu wanda ka saya da kuɗinka, kuma akwai ranar da za a tambaye ka yadda ka yi da su. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa ya yi wannan kwatance. Wata mata daga ƙabilar Juhaina ta tambaye shi game da mahaifiyarta da ta yi bakancen hajji ta rasu ba ta yi ba. Sai ya tambaye ta, da a ce bashi ake bin mahaifiyar, ashe ba za ta biya ba? Ya umarce ta ta yi mata hajjin, domin Allah ne Ya fi cancanta a cika maSa. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas.

Amma kada ka ja kwatancen ya wuce iyakarsa. Mai bin ka bashi a kasuwa yana buƙatar kuɗinsa, Allah kuwa ba Ya buƙatar komai daga gare ka, amfanin biyan kanka yake komawa. Kuma bashin kasuwa ana gama biyansa a yaga takarda, wannan kuwa ba mai gamawa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa babu wanda aikinsa kaɗai zai shigar da shi aljanna sai da rahamar Allah, har Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai cire kansa ba. Don haka wanda ya fahimci kalmar ba zai yi wa Allah gori da sallarsa ba, ba zai kuma raina wanda bai kai shi ibada ba.

Ma'anarta a shari'a

Malaman aƙida suna bayyana addini da cewa tsari ne da Allah Ya ajiye, wanda yake jan masu hankali, da zaɓin kansu, zuwa ga gyaruwar rayuwarsu ta duniya da tsira a lahira. Kowace gaɓa a nan tana da aiki. Cewa Allah ne Ya ajiye ya fitar da abin da mutane suka ƙaga, kuma Suratush Shura aya ta 21 ta yi tir da masu shar'anta wa mutane abin da Allah bai yi izni da shi ba a cikin addini. Cewa masu hankali ya fitar da mahaukaci da yaron da bai balaga ba, waɗanda aka ɗauke musu alƙalami. Cewa da zaɓin kansu kuwa shi ne abin da aya ta 256 ta Suratul Baƙara ta tabbatar, cewa ba a tilasta wa mutum shiga addini. Abin da aka cusa wa mutum da takobi a wuya jikinsa ne ya rusuna, zuciyarsa tana nan inda take.

Amma bayanin da ya fi kowane ƙarfi shi ne na hadisin Jibrilu, wanda Muslim ya ruwaito daga Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, kuma shi ne hadisi na biyu a Arba'una ta Imam Nawawi da yara ke haddacewa a Islamiyya. Baƙo ya zo da fararen tufafi, ba alamar tafiya a jikinsa, ba kuma wanda ya san shi. Ya yi tambaya a kan Musulunci aka ba shi rukunai biyar, ya yi tambaya a kan imani aka ba shi shida, ya yi tambaya a kan ihsani aka ce masa bauta ce irin ta wanda yake ganin Allah, ko wanda ya san Allah Yana ganinsa. Sannan ya tambayi lokacin alƙiyama da alamominta. Bayan ya tafi, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanar da sahabbai cewa Jibrilu ne ya zo ya koya musu addininsu. Imam Bukhari, da ya kawo ruwayar Abu Huraira ta wannan hadisi, ya lura cewa an sanya waɗannan abubuwa duka su ne addini. Ke nan addini yana da aikin gaɓoɓi, yana da ƙudurin zuciya, yana da kyautatawa, kuma mai tambayar bai tashi ba sai da ya tuna da ranar sakamako. A kan wannan rabo na uku ne malamanmu suka gina karatu: tauhidi, fiƙihu, da gyaran zuciya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma haka ya tsara littafinsa Ulumul Mu'amala.

Idan kana son ka ga faɗin kalmar da idonka, ɗauki Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni. Marubucin ya ce al'amuran addini zai taƙaita don a koyar da yara. Ya fara da aƙida, ya shiga tsarki da salla da azumi da zakka da hajji, sai ga aure da saki, sai ciniki da haya, sai hukuncin jini da haddi da shaida, sai rabon gado, har ya kai ga ladubban ci da sha da sallama da neman izinin shiga gida. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505, ya kasa Ihya'u Ulumid Din kashi huɗu, kuma kashi guda cur a kan al'adu ne: cin abinci, aure, neman halal, abota, tafiya. Babu ɗayansu da ya ga ya fita daga maganar addini don ya shiga kasuwa ko ɗakin girki.

To daga ina muka samo raba rayuwa biyu, a ce wannan na addini wannan na duniya? Wani ɓangare daga lalacinmu ne, wani kuma daga fassara. Kalmar da Turawa ke amfani da ita daga Latin ta fito, kuma tarihin Turai, bayan doguwar jayayya tsakanin coci da masu mulki, ya tura ta zuwa ga abin da mutum ke yi tsakaninsa da Ubangijinsa a wurin ibada. Faransa har doka ta yi a 1905 ta raba coci da gwamnati. Da aka riƙa fassara waccan kalma da "addini" a makarantu da jaridu da takardun cikewa, sai tamu ta fara ɗaukar ƙuncin tasu. Musulmi yana iya cewa "ilimin addini" da "ilimin zamani" don sauƙin magana, ba laifi. Laifin shi ne ya ɗauka cewa akwai wani sashe na rayuwarsa, ofis ko shago ko waya, da Ad-Dayyan ba zai tambaye shi a kansa ba.

Shin abin da wanda ba Musulmi ba yake bi addini ne?

E, ana kiransa addini, kuma Alƙur'ani ne ya fara kiransa haka. Ayar ƙarshe ta Suratul Kafirun ta kira abin da mushirikan Makka suke kai da wannan suna. A Suratu Gafir aya ta 26 Fir'auna ya ce yana tsoron Annabi Musa ya canza wa mutanensa addininsu. A Suratun Nisa'i aya ta 171 an hana Ma'abota Littafi wuce iyaka a cikin addininsu. Ita kanta aya ta 85 ta Ali Imrana, wadda ta ce ba za a karɓa ba daga wanda ya nemi wani addini ban da Musulunci, ta nuna cewa akwai wasu abubuwan da ake kira addini. Don haka idan ka ce addinin Kirista, ko addinin Yahudu, ko addinin gargajiya, ba ka yi laifi ba, kuma ba ka ce gaskiya ne ba. Suna daban, karɓuwa daban. Abin da Musulmi ya ƙudurta shi ne abin da aya ta 19 ta Ali Imrana ta faɗa, cewa addini a wurin Allah shi ne Musulunci, kuma an cika shi ranar Juma'a a filin Arfa, a hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, lokacin da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta sauka. Wannan aƙida ba ta ba ka izinin zagin maƙwabcinka ko cin haƙƙinsa ba. Suratul An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, Suratul Mumtahana aya ta 8 kuma ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe ka ba.

Addini, milla, shari'a da mazhaba

Ana yawan cakuɗa waɗannan. Addinin annabawa duka ɗaya ne, shi ne tauhidi da miƙa wuya, kamar yadda Suratush Shura aya ta 13 ta haɗa Nuhu da Ibrahim da Musa da Isa da Annabinmu a kan wasiyya guda. Shari'o'insu ne suka bambanta, kamar yadda ya zo a Ma'ida aya ta 48. Hadisin Bukhari da Muslim ya kwatanta su da 'yan uba, uwaye daban-daban, uba ɗaya. Jurjani, wanda ya rasu a 816, ya kawo a littafinsa At-Ta'arifat cewa addini ana jingina shi ga Allah, milla ga manzo, mazhaba kuwa ga mujtahidi. Shi ya sa muke cewa addinin Allah, millar Ibrahim, mazhabar Malik. Wanda ya gane wannan ba zai ce wa mai sakin hannu ko mai ƙabalu a salla ya canza addini ba, balle ya ɗauki ƙungiyarsa ko ɗariƙarsa ita ce addinin.

Wane ne "mai addini"?

Mu a bakinmu, da an ce wane mai addini ne, abin da ke zuwa zuciya shi ne sahun farko, gemu, carbi, ko hijabi har ƙasa. Waɗannan alheri ne, ba mai raina su. Amma karanta Suratul Ma'un. Ta buɗe da tambaya a kan mai ƙaryata "din", sai ta siffanta shi da wanda ke tunkuɗe maraya, ba ya kwaɗaitar da ciyar da miskini, sannan ta yi wa wasu masallata narkon azaba saboda sakaci da salla da riya da hana taimako. Mutumin da ya yarda da gaske cewa akwai ranar biya ba ya cin gadon marayu. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, an kawo masa gawar wani mutum da ake bi dinare uku, bai bar abin biya ba, sai ya ce sahabbai su yi masa salla, shi bai yi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin. Wannan yana cikin Bukhari. A Muslim kuma ya tabbata cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi, kuma matsiyacin gaskiya shi ne wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare.

Kada kuma wani ya juya maganar ya ce to ai addini a zuciya yake, ko ya ce addini mu'amala ne kawai, ya bar salla. Maganar nan da ake yawan jingina wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa addini shi ne mu'amala, malaman hadisi sun ce ba hadisi ba ce. Wanda ya kyautata wa mutane ya ƙi yi wa Mahaliccinsa sujada ya biya ƙananan masu binsa ne ya bar Babba.

Inda wannan ya fi shafar gidajenmu shi ne aure. Hadisin Bukhari da Muslim ya ce wa namiji ya zaɓi ma'abuciyar addini, na Tirmizi kuma ya ce wa waliyyai su aurar wa wanda suka yarda da addininsa da halinsa. Ke 'yar'uwa, da kai uba ko wa da aka ɗora wa bincike, idan an ce muku mai neman nan mai addini ne, ku tambayi wace fuska ake nufi. An ruwaito cewa wani mutum ya zo yana yabon wani a gaban Umar ɗan Haɗɗabi don a karɓi shaidarsa. Umar ya tambaye shi ko shi maƙwabcinsa ne na kusa da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko hulɗar dinare da dirhami ta taɓa haɗa su, ya ce a'a. A wata ruwaya Umar ya ce masa wataƙila a masallaci ya gan shi yana sunkuyar da kai yana ɗagowa. Sannan ya ce masa bai san shi ba, ya kuma ce wa mai shaidar ya je ya kawo wanda ya san shi. Don haka bayan kun tambayi limamin unguwa, ku tambayi abokin cinikinsa, da wanda ya taɓa ba shi rance, da yaran shagonsa, da matar da ya taɓa aura in akwai.

Allah ne Mafi sani.